Zuwa ga 'Yata Mai Makaranta a Falo

  Na karanta saƙonki a tsanake. Kin ce tun da ke da maigidanki kuka yanke shawarar koyar da yaran a gida, wata rana kina kwanciya da murna, wata rana da hawaye, kuma abin da ya fi ci miki rai shi ne babbar, mai shekara bakwai, ta fara ɗaure fuska in an ce a ɗauko Littafi Mai Tsarki. A kan wannan zan fi tsayawa, sauran duk masu sauƙi ne.

Shawararku ba zan sa mata baki ba. Kun duba kuɗin makaranta, kun duba nisan hanya da halin da gari ke ciki, kun yi addu'a, kun zaɓa. Amma ina so ki san nauyin da kika ɗauka. Yaron da ke zuwa makaranta yana da malama, yana da uwa. In malama ta tsawata masa da safe, da rana sai ya dawo ya faɗa jikin uwarsa. Naki ba su da wannan mafaka. Bakin da ya yi faɗa don an juya harafi baya-baya, shi ne zai ce a rufe ido a yi addu'a bayan minti goma. Ɗan shekara biyar bai iya raba malama da uwa ba. Abin da ya ji a muryarki lokacin lissafi, shi zai zaci yana cikin muryar Allah.

Saboda haka ina roƙonki, kada aya ta zama horo a gidanki. Na sha gani a gidajen masu bi, yaro ya yi ƙarya, sai a durƙusar da shi a ce ya haddace aya a kan ƙarya, ko ya rubuta ta har shafi ya cika. Zai haddace kam, amma ciwon gwiwa ne zai riƙa tuno masa duk ran da ya ji ayar a coci. In ya yi laifi, ki hore shi a kan laifin, a taƙaice, a wuce wurin. Littafin kuwa a buɗe shi sa'ad da ciki ya ƙoshi, rai ya kwanta. Kada kuma sunan Yesu ya riƙa fitowa daga bakinki sai lokacin da kika kama hannu cikin gwangwanin madara. In za ki ce masa Yesu yana ganinsa, ki faɗa ma ran da ya gutsura wa ƙanwarsa rabin ƙosansa ba tare da an sa shi ba.

Ita babbar, ina zaton ba Littafin ta ƙi ba, jarrabawa ta gaji da ita. In kowane karatu zai ƙare da tambayoyi da jan biro, to sujadar safe ta zama darasi na farko a jadawali ke nan. Ki cire ta daga jadawalin gaba ɗaya. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, wadda su suka zaɓa, ko da ita aka rera jiya da shekaranjiya. Labari ɗaya, na Yusufu da 'yan'uwansa, ko Rut tana kala a gonar Bo'aza, ko yaron nan mai gurasa biyar da kifi biyu. Sai addu'a. In autanki ya ce zai yi addu'a domin akuyar maƙwabta da ta karye a ƙafa, ki bar shi ya yi, ki hana yayyen dariya, ki amsa amin da zuciya ɗaya. Yana koyon cewa babu abin da ya yi wa Allah ƙanƙanta.

Ki sake duba Maimaitawar Shari'a sura 6, inda Musa ya lissafa wa iyaye lokutan da za su yi wa 'ya'yansu zancen Allah. Zaman gida ne, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi daga barci. Babu allo a ciki, babu ƙararrawa. Ran da mai kayan miya ta ba ki canji fiye da naki, kika juya da yaran a baya kika mayar mata, kin gama darasin gaskiya na wannan makon. Timoti ma, da Bulus zai ambaci inda bangaskiyarsa ta samo tushe, kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya kira.

Akwai wata mace da nake so ki sani, Susanna Wesley, matar wani fasto a ƙauyen Epworth a Ingila, wadda ta rasu a 1742. Ta haifi 'ya'ya 19, tara daga ciki suka rasu tun suna jarirai, sauran kuwa ita ta fara koyar da su a gida. Biyu cikinsu duniya ta san su: John, wanda ɗariƙar Methodist ta taso daga aikinsa, da Charles mai rubuta waƙoƙin sujada. Ba duk hanyarta nake so ki ɗauka ba. Mace ce mai tsanani, tana zaunar da yara awa shida a rana, wannan kuwa ya yi wa naki yawa. Amma abu uku nata sun cancanci koyi. Ba ta fara koya wa yaro karatu sai ya cika shekara biyar, don haka ki ƙyale autan nan ya yi wasansa da ƙasa. Ta kafa doka cewa yaron da ya amsa laifinsa da kansa, ya yi alkawarin gyarawa, ba za a doke shi ba, domin ta lura tsoron bulala ne ke koya wa yara ƙarya. Sannan duk mako takan keɓe wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai da ita, ranar Alhamis ce ta John. Wannan na ukun shi ne maganin babbar 'yarki. Wadda ke da ƙanne biyu, kullum ana ce mata ke ce babba ki yi haƙuri, tana bukatar sa'a guda da za ta zama 'yarki kawai. Ku zauna kina mata kitso, ki bar ta ta yi surutunta, kada ki gyara mata ko kalma ɗaya.

Game da tsawon darasi, wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta ce a bai wa ƙanana gajerun darussa, minti goma zuwa ashirin, sannan a karanta musu abu sau ɗaya a ce su maimaita shi da bakinsu. Kakanninmu da ke ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare sun san wannan tun tuni. Ke ma kin san in aka juye gari gaba ɗaya a tukunya, gudaji za a samu, sai an riƙa barbaɗawa ana tuƙawa. In hantsi ya yi kun gama karatu da rubutu da lissafi, ki rufe littafi ba tare da jin kunya ba. Auna shinkafa da mudu lissafi ne, ƙirga kwanakin da kaza ta yi a kan ƙwai kimiyya ce.

Na ji kina amfani da littattafan da aka kawo daga Amurka, inda koyarwa a gida ta yi ƙarfi tsakanin Kiristoci. Suna da tsari, ba laifi. Sai dai ki sa ido. Kada yaro ya iya ba da labarin dusar ƙanƙara da kuɗin dala, amma bai san bambancin kuka da ɗorawa ba, bai san bazara ce ke zuwa kafin damina ba. Kuma don Allah kada Turanci ya kore Hausa daga addu'arku. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya da abokan aikinsa sun sha wahala a kansa domin mu ji maganar Allah da harshen da muke kuka da shi. Yaron da bai iya gaida kakarsa ya amsa mata yadda ya kamata ba, akwai sauran aiki a karatunsa.

Ki bar ƙofa a buɗe. Makarantar Lahadi kada ta wuce su, domin yana da kyau su zauna a gaban wani malami, su jira layi, su ji ba kullum ne za a fara da su ba. Su yi wasa da yaran unguwa har da na maƙwabtanku Musulmi, su kai musu abincin Kirsimeti, su karɓi naman Sallah da hannu biyu da godiya. Ke ma kada ki bar Zumuntar Mata da sunan ba ki da lokaci. Uwar da ba ta ganin kowa sai yara, a kan yaran take sauke gajiyarta.

Sai zancen takarda. Dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya sami ilimin firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. Ku je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ku yi bayani, ku karɓi manhajar gwamnati ku riƙa dubawa, ki kuma adana littattafan aikinsu a akwati, da kwanan wata a kowane shafi. In lokacin jarrabawar shiga sakandare ya zo, ko kuka ga ya dace su koma aji, za ki gode wa wannan akwatin. Komawa ajin ma ba faɗuwa ba ce, in ranar ta zo.

Maigidanki kuma ki gaya masa Goggo ta ce makarantar nan tasa ce shi ma. Bulus da ya rubuta wa Afisawa kan renon yara ba tare da tsokanarsu su yi fushi ba, ubanni ya kira. Ya ɗauki addu'ar dare, ya ɗauki safiyar Asabar ya fita da su gona ko kasuwa, ke kuma ki rufe ɗaki ki yi barci. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda babbar take.

Goggonki.