Shawara ga Faston da Ke Son Digirin Dokta na Hidima

Fasto, idan kana hidima a Saga ko wata unguwa ta Yamai kana son ƙarin karatu, ka san cewa digirin dokta na hidima ba irin na masu binciken jami'a ba ne. An tsara shi domin wanda ke riƙe da ikilisiya, yana karatu bai bar bagadi ba.

Makarantu da yawa suna neman digiri na biyu a fannin tauhidi, da kimanin shekaru 3 na hidima bayansa, da wasiƙar amincewa daga bishop ko majalisar ikilisiya. Wasiƙar nan ka fara nema tun da wuri, domin ita ce ke jan lokaci. Takardunka na Faransanci kuma sai ka kai wa mai fassara da hukuma ta amince da shi.

Idan kai ɗan ikilisiyar Lutherawa ne, ka san su kaɗan ne a Nijar, shi ya sa ake duba Najeriya don wannan karatu: makarantar Bronnum da ke Mbamba kusa da Yola, ko makarantar tauhidi ta TCNN da ke Bukuru kusa da Jos. Ka rubuta musu ka tambayi matakin da suke bayarwa kafin ka biya kuɗin mota.

Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne aikin bincike na ƙarshe. Ka ɗauko shi daga ikilisiyarka: yadda ake wa'azi da Hausa da Zabarmanci a sujada ɗaya, ko yadda masu noman shinkafa a bakin kogin Kwara ke rasa sujada lokacin dashe. Wannan ya fi babban batu da ba ka da mutanen da za ka gwada shi a kansu.