Darasi: Toshe Kafofin Ɗaki Bayan Gyaran Gida

A karanta: Maimaitawar Shari'a 22:8

A wannan aya an umarci mai sabon gini ya kewaye rufin soronsa da katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Ashe Allah yana kula da yadda muke gini, domin ran mai kwana a ɗaki yana wuyan mai gida.

A Tudun Jukun da ke Zariya, kamar a ƙauyukanmu, gidajen ƙasa da yawa sun koma na kwano. An sauke azara, an yaɓa siminti, an raba babban ɗaki gida biyu. Gyara abu ne mai kyau, sai dai rufin ƙasa yana zama daram a kan bango, kwano kuwa yana barin kafa a ƙarƙashin kowane tudunsa. Sabuwar taga da aka huda a tsohon bango ita ma takan bar tsaga a gefenta.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo mana ƙura tun daga hamadar Chadi. Ta waɗannan kafofi take bi, yara su kwana cikin sanyi da tari. Da damina kuma sauro mai kawo zazzaɓi ya fi shigowa ta tsakanin bango da rufi. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna gidajen da aka sa musu raga sun rage sauron cikin ɗaki da kusan rabi, kuma yaransu ba su yi fama da ƙarancin jini kamar na sauran gidaje ba.

Yadda za mu yi

1. Da rana tsaka mu shiga ɗaki, mu rufe ƙofa da taga. Duk inda haske ya leƙo, nan iska da sauro suke bi. Mu sa alama da gawayi.

2. Mu cike tsakanin bango da kwano da laka da aka kwaɓa da ciyawa. Bangon bulo kuwa siminti yake so. A yi shi da rani, ya bushe sosai.

3. Tsagar bango a kankare ta, a yayyafa ruwa, sannan a yaɓe. Siminti ba ya kama busasshiyar ƙasa da kyau.

4. Ƙasan ƙofa a buga masa robar tsohuwar taya da ƙananan ƙusoshi.

5. Mai hali ya sa silin. Marar hali ya shimfiɗa tabarma ko asabari a ƙarƙashin kwano, yana rage sanyi da zafi.

Kada gyara ya zama ɓarna

Abin da muke toshewa kafofin da ba mu shirya ba ne. Ɗaki dole ya sha iska. Mu bar taga, in da hali biyu suna fuskantar juna, mu sa musu raga, mu buɗe su kowace safiya. Ɗakin da aka liƙe, mutum takwas suna kwana ciki, yana taimakon tari da sanƙarau su yaɗu. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa.

Babban haɗari shi ne kaskon wuta. Gawayi mai ci yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A tsohon ɗaki takan sami mafita, a toshasshe kuwa sai ta taru. Alamarta ciwon kai, jiri da kasala, mai barci kuma yakan wuce bai farka ba. Mu fitar da kasko kafin mu kwanta. Janareta kuma ya tsaya a fili, nesa da taga. In mun tarar da wani a haka, mu fitar da shi waje nan take, mu kai shi asibiti.

Tambayoyi don tattaunawa

Wa yake kwana da kasko a gidanmu, me za mu ba shi a madadinsa?

Gwauraye da tsofaffi nawa ne a ikilisiyarmu da ba su da mai hawa musu bango? Wace Asabar matasa za su yi musu gayya kafin sanyi ya kankama?

A rufe da addu'a domin iyalan da ke kwana cikin sanyi.