Kafin ka kai birinka duwatsun Fagam

A aikina na likitan dabbobi a yankin Gwaram da Birnin Kudu, akwai maganar da ake yawan kawo mini. Mutum ya sayi ɗan biri don yara su yi wasa, birin ya girma ya fara cizo, sai maigida ya ce zai kai shi duwatsun Fagam ya kwance masa igiya, a ganinsa lada zai samu. Gaskiya, sau da yawa ga ajalinsa ya kai birin.

Birin da ya tashi a kan tuwo bai san ƙaro ba, bai san inda ruwa yake da rani ba, kuma ba ya gane kukan da 'yan uwansa ke yi in sun hango kare. Ga shi ba ya tsoron mutum. Yunwa na kama shi sai ya faɗa gonar gyada, daga nan sai tarko ko gora. Jan biri kuwa garke yake yi, babban namiji ɗaya da matansa, baƙon namiji kora zai sha. Wanda masu wasa da biri suka karya wa fiƙa, shi kam ya gama da daji.

Abin da ya fi damuna shi ne cuta. Biri na ɗaukar tarin fuka daga mutum, kuma guda ɗaya ya isa ya shafa wa garke.

A Kalaba an daɗe ana aikin shirya irin waɗannan birai don mayar da su daji. Ƙungiyar Pandrillus ta fara a 1991. Ƙungiyar CERCOPAN kuma, wadda aka kafa a 1995, sai a 2007 ta fara sakin birai a dajin Rhoko. Dubi tazarar! Ana killace biri a gwada lafiyarsa, a haɗa shi da irinsa har su saba su zama garke, a mayar da su babban shinge cikin daji ana janye hannun mutum sannu a hankali. In an sake su ma, ana bin sawunsu.

In kana da biri a gida, ka je wurin malaman daji na ƙaramar hukumarku, ko ofishin likitan dabbobi. Ɗan jaririn da ake tallarsa ranar kasuwa kuma, kada ka saya ko don tausayi. Galibi sai an harbe uwar ake raba ta da shi, kuɗinka kuwa su ne za su sake tura maharbin dawa.