Zafi Ba Ya Tsayawa A Bango: Yadda Ake Raba Kuɗin Ɗumama Gida A Jamus

Jikin ɗan Adam yana riƙe da zafinsa a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, ko ana rani ko ana hunturu. A ƙasar Jamus, inda sanyi kan kai ruwa ya daskare a watannin Disamba da Janairu, tufafi kaɗai ba sa wadatarwa, dole sai an ɗumama ɗaki. Jama'a da yawa a can suna haya ne a dogayen benaye masu sassa da yawa, tukunya guda ce a ƙasan gini take dafa ruwa, bututu su kai shi ga ƙarafan ɗumama da ke kowane ɗaki. Tambayar da kan haddasa gardama tsakanin maƙwabta ita ce: idan tukunya ɗaya ce, nawa kowa zai biya?

Halayyar zafi

Ka'idar kimiyya ita ce, zafi kullum yana barin wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi. Yana ratsa bango da rufi da daɓe, ba ruwansa da iyakar haya. Saboda haka mai sashen tsakiya, wanda maƙwabta suka kewaye sama da ƙasa da gefe, yana samun ɗumi ko da ya rufe ƙarfensa. Mai sashen can sama kuwa, ko na kusurwa, shi ne yake fuskantar iska, zafinsa na tserewa waje. Haka abin yake ga ƙudan zuma a lokacin sanyi: sukan dunƙule wuri guda, na tsakiya su fi samun ɗumi, na baki su tare musu sanyi. Ke nan wani ɓangare na zafin gini na kowa da kowa ne, ba a iya cewa ga mai shi.

Abin da doka ta tanada

Bayan tashin farashin man fetur na shekarar 1973, gwamnatin Jamus ta Yamma ta shiga neman hanyar tsimin makamashi. A 1981 ta fito da dokar raba kuɗin ɗumama gida. Dokar ta ce a raba kuɗin kashi biyu. Kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari a biya shi gwargwadon abin da kowane sashe ya sha, ragowar kuma a raba bisa faɗin sashe. Kashi na farko yana hana almubazzaranci, domin wanda ya bar taga a buɗe alhali ƙarfe na aiki zai gani a aljihunsa. Kashi na biyu shi ne kuɗin zafin da ya ratsa bango da wanda ya ɓace a bututu. Idan mai gida ya ƙi yin awo, ɗan haya yana da ikon rage kashi 15 cikin ɗari na rabonsa.

Awon kansa ana yin sa da ɗan ƙaramin ma'auni da ake maƙalawa a jikin ƙarfe. Tsohon samfuri yana da kwalbar gilashi mai ruwa a ciki, yawan zafi yawan ƙafewar ruwan, a duba sau ɗaya a shekara. Sabon samfuri na lantarki ne, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2021 ya wajabta cewa sababbin ma'aunai su zama waɗanda ake karantawa daga nesa.

Misali na lissafi

A ƙaddara gini mai faɗin murabba'in mita 1,000 ya kashe Yuro 10,000 a shekara, aka kuma zaɓi rabon 70 da 30. Yuro 3,000 za a raba bisa faɗi, watau Yuro 3 kowane murabba'in mita, mai sashen murabba'in mita 80 ya biya Yuro 240. Idan ma'aunan ginin duka sun nuna ɗigo 14,000, kowane ɗigo ya tashi rabin Yuro. Wanda nasa ya nuna 1,000 zai ƙara Yuro 500, jimla Yuro 740.

Wutar matakala

Fitilun matakala da na farfajiya suna da mitarsu daban, kuma galibi ana raba kuɗinsu bisa faɗin sashe, tun da ba a iya ƙirga hawa da saukar kowa. Ƙwai goma masu wat 10, in suna ci awa biyar kullum, suna shan rabin kilowat-awa a rana, watau 182.5 a shekara.

Wannan darasi ya shafi gidajen haya na ƙasar Hausa, inda iyalai da yawa kan haɗa mita guda. Mai firji da dutsen guga bai kamata ya biya daidai da mai ƙwai ɗaya ba, amma fitilar zaure da injin jan ruwa na kowa ne. Malamai na iya sa ɗalibai su lissafa wat na kayan lantarkin gidansu da awoyin aikinsu, su ware na kowa daga na mutum guda, sannan su fito da rabon da zai gamsar da duk mazauna gidan.