Ciwon nono: mafarinsa da maganinsa

Mata da yawa suna fama da ciwon nono, amma kunya tana hana su faɗi. To, bari mu duba shi tare.

Wani ciwon ba cuta ba ne. Nono yakan yi nauyi da zafi kwanaki kaɗan kafin haila, ko a farkon ciki. Wannan yana wucewa da kansa.

Mai jego ita ce ta fi shan wahala. Kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa ruwan nono yana zuwa da ƙarfi. Idan jariri bai tsotse shi ba, nono sai ya cika, ya yi tauri. A nan al'adarmu ta hana jariri dakashi tana da laifi, domin jinkirin ba shi nono yana ƙara taurin. Kuma idan jariri ya kama kan nono kaɗai, bai haɗa da baƙin da ke kewaye ba, kan yana tsagewa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Sai wuri guda ya kumbura, ya yi zafi, masassara ta rufe uwa.

Kada uwa ta daina shayarwa. Nonon bai ɓaci ba, kuma gwajin tururuwa da tsofaffi ke yi ba ya nuna kome. Ta ba jariri duk lokacin da ya nema, ta ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ta sha farasetamol. Idan masassara ta yi kwana 1 ba sauƙi, a tafi likita. Can za a duba, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma sai an shanye shi duka. In ƙurji ya nuna, ma'aikacin lafiya ne zai fitar da mugunya. Sakiya a gida tana ƙara rauni.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙullutu mai tauri, wanda sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan. Haka ciwon daji yakan fara. Kan nono ya shige ciki, ko jini ya fito, ko fata ta koma kamar ɓawon lemu, ko kaluluwa a hammata: a je likita cikin satin nan. Za a taɓa da hannu, a ɗauki hoto, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a auna. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. Maigida, kuɗin mota da rakiya naka ne.