Ambaliyar Ruwa a Ƙasar Ƙwanni

Ɗan uwa mai karatu, in kai dattijo ne ka san farin 1973 da na 1984. A lokacin, kukanmu shi ne rashin ruwa. Yau kuma ga wata sabuwa: ruwa yana zuwa har ya yi yawa.

A daminar 2024 an yi ambaliyar da aka daɗe ba a ga irinta ba a Nijar. Mutane kusan 400 suka rasu. Fiye da miliyan ɗaya suka yi asarar gidaje, ko gonaki, ko dabbobi. Jihar Tawa ma ba ta tsira ba. Sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin wasu azuzuwa sun rushe, wasu kuma mutane ne ke kwana ciki.

To, me ya kawo haka? Abu na farko, duniya tana ƙara zafi. Hayaƙin masana'antu da na motoci, galibi na manyan ƙasashe, shi ke riƙe zafin rana. Iska mai zafi tana ɗaukar ruwa mai yawa. Shi ya sa ruwan da ya kamata ya sauka cikin wata guda, sai ya zuba a dare ɗaya. Bayansa kuma a yi kwana ashirin ba ɗigo. Wannan shi ake kira canjin yanayi.

Abu na biyu yana hannunmu. Mun sare itatuwa, tudu ya zama fako. Fako ba ya shan ruwa. In an yi ruwa a kan duwatsun Buza da Malbaza, sai ya gangaro da gudu cikin ƙoramu, ya faɗa Majiya. Majiya ta ratso ƙasar Ƙwanni, ta wuce tabkin Kalmalo a Najeriya. A hanya ruwan yana kwaso yashi, ya zuba a madatsun Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Ƙwanni. Madatsar da ta cika da yashi ba ta iya riƙe ruwa: da damina ta yi ambaliya, da rani ta ƙafe da wuri.

Wa ya fi shan wahala? Talaka mai gidan laka, wanda ya gina a kwari domin filin can ya fi araha. In bango ya jiƙa, sai ya faɗi da dare. In rumbu ya faɗi, abincin shekara ya tafi. Bayan ruwa kuma ga sauro, ga zawo.

Amma akwai dabara. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga ana gina ramu a fako, a zuba taki, a shuka. Da suka dawo suka gwada a Badagishiri. Ita ce tassa. Ruwan da tassa da rabin wata suka tsayar a tudu, ba zai zo ya rushe gida a kwari ba, ga kuma hatsi.

Ga abin da za ka yi kafin damina:

1. Kada ka gina a hanyar ruwa. Ruwa ba ya manta hanyarsa.
2. Ku yi gayya ku yashe magudanai, a daina zuba leda a ciki.
3. Ka yaɓe bango, ka gyara indararo, ka ɗaga rumbu a kan duwatsu.
4. Ka bar tsiron itace ya girma a gonarka.
5. Ka saurari labarin ruwa a rediyo. In ƙorama ta kawo, kada ka ƙetare, kada ka bar yara su shiga.

Ka tuna, rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa fako ke kawo ambaliya?
2. Ina ne hanyar ruwa a garinku? Gida nawa ke kanta?