Gado da ciwon dajin hanta

Yaro yakan yi kama da uwa ko uba. Ƙwayoyin gado da ke jikin kowa ne ke kawo haka. Su ne kuma ke tsara yadda hanta ke tace guba.

Ƙwayoyin nan sun bambanta. Wani ya gaji hanta mai saurin kashe guba, wani tasa ba ta kai ba. Ba dajin ake gada ba, raunin ake gada.

Abu biyu ke yawan tada cutar a ƙasashenmu. Na farko gujiya ko masara mai fumfuna, don tana da guba mai suna afalatoksin. Na biyu ƙwayar ciwon hanta ta B, wadda yaro kan ɗauka wurin haihuwa, ko ta askar da aka yi ma wani aiki.

Ba a sake gado, amma ana tsare hanta. Manomin Agye, Gazawa ko Gidan Runji ya shanya gujiya ta bushe sarai kafin ta shiga rumbu. A kai jarirai rigakafi: a 2008 Nijar ta sa na ciwon B cikin alluransu.

Tambayoyi
1. Me ake gada?
2. Yaya ake tsare hanta?